Okid a kwalbar ruwa: dabara ce ko ƙarasa shuka?

Maman Ilham (Kaduna):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga masu renon furen okid a zauren nan. An kawo min guda ɗaya tsaraba, irin mai faffaɗan ganye da farin fure mai siffar malam-buɗe-littafi. Furen ya daɗe sosai kafin ya zube. Yanzu ganyen ƙasa ya fara yaushi yana tattarewa, ina ba shi ruwa amma ba alamar yana sha. Da na zaro shi daga robar sai na tarar an cusa masa wani abu mai laushi, jiƙe sharkaf, saiwoyin tsakiya duk sun yi baƙi, in an matsa sai su fashe su bar zare. A YouTube na ga mata suna wanke saiwar tas su sa a kwalba da ruwa zalla, ba ƙasa ba komai, kuma ga shi yana fure. Akwai wanda ya taɓa gwadawa a nan ƙasar tamu? Kada in je in ƙarasa shi.

Kawu Sarkin Tsokana (Kano):
Wa alaikumus salam. Ikon Allah. Ruwa ne ya ruɓar da shi, maganin kuma a tsoma shi a ruwa? An gudu ba a tsira ba ke nan. 'Yata, nemi zogale ki dasa a gurbinsa, ko ba komai kya ci kwaɗo.

Anti Mai Fulawa (Abuja):
Haba Kawu, yarinya na cikin damuwa kai kana tsokana. Maman Ilham, kwantar da hankalinki. Nawa duk a kwalba suke, kuma bana ma sun yi fure. Abin da ya ruɓar da naki rashin iska ne. Wannan abu mai laushi da kika gani busasshiyar gansakuka ce da gonakin waje ke cusawa don shukar ta jure doguwar tafiya. In ta tsufa sai ta danƙare, ta riƙe ruwa a tsakiya alhali samanta ya bushe, ke kuma ki taɓa saman ki ji a bushe ki ƙara.

Ki cire ta gaba ɗaya, har wadda ta maƙale a gindi, da tsinken sakace in ta kama. Ki goge almakashi da sifirit ko ki gasa bakinsa a wuta. Duk saiwar da kika matsa kika ji taushi ko holoƙo, yanke ta. Mai tauri ki bar ta ko da ta yi rawaya, rashin ganin haske ne ya mai da ta haka. Ki bar shi ya kwana a fili ya sha iska. Washegari ki samu kwalba mai faɗin baki, ganyen ya zauna a kan bakin, saiwar na reto a ciki. Ruwan ya taɓa ƙarshen saiwoyin kawai, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu. Gindin da ganye ke fitowa kuwa, ko ɗigo kada ya zauna a wurin. Daɗin kwalba shi ne komai a fili yake, ba sai kin yi ta canki-canka ba: saiwa ta yi kore ta ƙoshi, ta yi fari tana son ruwa.

Malam Ɗan Samaru (Zariya):
Salam. Hajiya ta faɗi gaskiya a kan rashin iska, kuma shi ne tushen maganar duka. Bari in ɗan ƙara, don in an san daga ina shukar ta fito, sauran tambayoyin za su yi sauƙi.

Wanda Maman Ilham ta kwatanta shi ne masana ke kira Phalaenopsis. Asalinsa dazukan kudu maso gabashin Asiya ne: Filifin, Indunusiya, Maleshiya, Taiwan, har zuwa arewacin Ostireliya. A can ba a ƙasa yake fitowa ba. A jikin bishiya yake maƙalewa, a inuwar manyan rassa, saiwoyinsa a waje suna bin ɓawon itace ko suna lilo a iska. Ruwan sama ya zuba ya jiƙa su, bayan ɗan lokaci iska ta busar da su, gobe a sake. Farin abin nan mai kauri da ya lulluɓe saiwar matattun ƙwayoyin halitta ne masu ramuka, aikinsu zuƙe ruwa nan take su ajiye wa ainihin saiwar, wato zaren nan da kika gani a ciki. A bushe fari ne don iska ce a ramukan. In ya jiƙe sai koren da ke ƙarƙashi ya bayyana, domin saiwar okid tana sarrafa hasken rana kamar yadda ganye ke yi.

To halitta ce da aka yi ta a kan jiƙewa da bushewa, bi da bi. Ƙasa ba ta ba ta wannan. Tsayayyen ruwa ma ba ya ba ta.

Kawu Sarkin Tsokana:
Au, a jikin bishiya? Malam, ka ce kaucin Turawa ne kawai ake sayar mana da tsada.

Malam Ɗan Samaru:
Ranka ya daɗe, ba ɗaya ba ne. Kauci yana huda reshe ya shiga ciki ya sha ruwan bishiyar, har ya kashe reshen. Okid mazauni kawai ya nema, ba ya shan komai daga jikinta. Abincinsa ƙurar da ruwan sama ya wanko, da ruɓaɓɓen ganye, da kashin tsuntsaye. Shi ya sa ma ba ya jure taki mai ƙarfi.

Anti Mai Fulawa:
Malam, da girmanka, amma ka ce tsayayyen ruwa ba ya ba ta, ni kuma ga nawa a gabana a cikin ruwa suna fitar da sabuwar saiwa. Ko in turo hoto?

Malam Ɗan Samaru:
Ba na musu, Hajiya, na yarda suna raye. Amma ki duba kwalbarki da kyau: kashi biyu cikin uku na saiwar a sama da ruwa yake, a cikin iska mai laima. Wannan ɓangaren ne ke numfashi, shi ke riƙe da shukar. Da za ki cika kwalbar har wuya da kin ga bambanci. Sannan ina da tabbacin saiwoyin da ke cikin ruwanki yanzu ba su ne kika sayo shi da su ba. Saiwa tana ginuwa ne daidai da inda ta tsiro. Wadda ta tsiro a ɓawon itace in an nutsa ta a ruwa yawanci mutuwa take, sai sabuwar da ta fito ta shiga ruwan da kanta ce ke jurewa. Tsakanin mutuwar tsofaffin da isowar sababbin, nan ne shuka mai rauni ke tafiya. Na Maman Ilham kuwa mai rauni ne.

Anti Mai Fulawa:
Wannan kam haka ne, tsofaffin sun zube da yawa a farko. Amma ai sun wuce wurin.

Hajiya ta Maraɗi:
Ina kwananku jama'a. Ni na gwada, kuma ina son a ji ta bakin mu na ƙasar zahi. Lokacin ɗari na sa nawa a kwalba, ya yi kyau ƙwarai, ganyen da ya yi yaushi ya miƙe, har na yi ta nuna ma maƙwabta. Da bazara ta shigo sai labari ya sake. Ruwan da na zuba da sahe, kafin la'asar ya yi ɗumi, kwana biyu ya yi yauƙi yana wari. Saiwar ta narke, ruɓar ta hau gindi, ganyen ya zube ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta Abuja, ɗakin da naki suke akwai na'urar sanyaya ɗaki ko babu?

Anti Mai Fulawa:
Akwai, a falo suke. Kuma muna da sola, ko an ɗauke wuta fanka ba ta tsayawa.

Hajiya ta Maraɗi:
To kin gani. Ba okid ɗinmu ne ya bambanta ba, ɗakinmu ne.

Malam Ɗan Samaru:
Hajiya ta Maraɗi ta kawo abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa, domin ba su san shi ba. Yawancinsu a Turai da Amurka suke, ɗakinsu bai cika wuce digiri 20 zuwa 24 ba duk shekara. Ruwa kuwa gwargwadon ɗuminsa gwargwadon ƙarancin iskar numfashin da yake riƙewa. A digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kamar miligiram 9, a digiri 35 wajen 7 ne. Ragin kamar ba yawa, amma a lokaci guda zafin yana sa saiwar ta buƙaci iska fiye da da, ƙwayoyin cuta kuma suna hayayyafa da sauri suna cinye 'yar wadda ta rage. Buƙata ta ƙaru, abin ya ragu. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a waje, ɗaki mai rufin kwano kuma kowa ya san halinsa. In kuma rana ta bugi kwalbar gilas kai tsaye, to dafa saiwar ake yi.

Amma fa abin da ta gani da hunturu ma gaskiya ne. Shukar tana son laimar iska ta kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu takan faɗo ƙasa da 20. A lokacin kwalba tana taimako sosai, don tana tara laima a kewayen saiwar. Shi ya sa nake cewa tambayar "yana yi ko ba ya yi" ba ta cika ba sai an ce a wane gari, a wane wata, a wane ɗaki.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai iyayena. Na yanke ruɓaɓɓun kamar yadda Anti ta ce, saiwa biyu ce kawai ta rage masu tauri, gajeru. Akwai kuma wani ɗan tsiro kore a gefen gindin. Yanzu kaina ya ɗaure, in sa a ruwan ko in fasa?

Baba Mai Lambu (Jos):
'Yata, wannan ɗan koren da kika gani, in bakinsa a mulmule yake yana sheƙi, sabuwar saiwa ce, ki gode wa Allah, shukarki ba ta mutu ba. Tun ba a haifi wasunku ba nake sana'ar fulawa, bari in faɗi nawa, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Ni ba na sa okid a ruwa ya zauna. In ya zo min a galabaice irin naki, nakan yi masa jinya a kwalba, amma jiƙo nake yi, ba zama ba. Da safe in zuba ruwa ya rufe saiwar, bayan rabin awa in tsiyaye, in bar ɗan kaɗan a ƙasan kwalbar wanda bai taɓa saiwar ba, don laima. Haka kullum, har sababbin saiwoyi su kai tsawon ɗan yatsa. Daga nan sai ya koma gidansa.

Gidan nasa kuwa ba sai an yi odar komai daga waje ba. Ki je wurin masu ginin tukwane ki ce a yi miki ƙaramar tukunya mai huji a ƙasa da gefe-gefe, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba. Ki samu gawayin itace mai tauri ki farfasa kamar girman goro, ki wanke ƙurar. Ki haɗa da tsingaro, da ɓawon kwakwa da aka yayyanka. Shi ɓawon kwakwa sai an jiƙa shi kwanaki ana zubar da ruwan ana sakewa, don yana ɗauke da gishiri. Ƙasa ko ta ɗan yatsa kada ta shiga, taki na dabba ma haka. In kin zuba ruwa ya bi ta ƙasa ya fice nan take, to kin haɗa daidai. Tukunyar ƙasa tana tsatsafo, tana sanyaya saiwar da kanta, abin da gilas ba zai taɓa yi ba.

Wani abu kuma: in kina ba shi ruwa ya shiga tsakiyar ganyen, ki sa tishu ki tsane. A daji a karkace yake rataye, ruwa ba ya kwana masa a ka. Mu ne muka miƙar da shi tsaye don kwalliya.

Anti Mai Fulawa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ku a Jos ai ko sanda kuka soka a ƙasa fure za ta yi. Ba a haɗa ku da kowa.

Baba Mai Lambu:
Hajiya, sanyin Jos ai shi ya fi dacewa da kwalbarki, duk da haka ban yarda da ita ba. Masu zafi su ne suka fi buƙatar tukunya. In bazara ta tsananta ma, sai a sa tukunyar a cikin wata babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa ke nan don adana tumatir da yalo, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ga shuka ma tana aiki, in dai hujin ƙasan bai toshe ba.

Ɗalibi a Kwalalamfur:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni ƙarami ne a nan, amma ina zaune a ƙasar da abin yake, bari in faɗi abin da idona ya gani. Nan Maleshiya da Tailan akwai wani jinsi da ake kira Vanda, a ɗan kwandon katako ake rataye shi babu komai a ciki, saiwoyin su zubo ƙasa fiye da kamu biyu. Ana fesa musu ruwa da safe, shi ke nan. Laimar iskar nan takan kai kashi 80, ga ruwan sama kusan kowane yammaci a wasu watanni. Singafo ma furen ƙasarsu tun 1981 ɗan uwan wannan jinsin ne. Vanda ɗin ne in an kai shi Turai ake sayar da shi a doguwar kwalbar gilas, kuma umarnin da ake bai wa mai saye shi ne ya cika kwalbar na ɗan lokaci ya juye, kamar dai yadda Baba ya ce. Ina jin daga nan mutane suka ga okid a gilas suka ɗauka a ruwa yake zaune.

Na shiga gonakin okid a nan, ban taɓa ganin ta kasuwa da ke renonsu a ruwa zalla ba. Taiwan gansakuka suke amfani da ita, Holan ɓawon itace. Mutanen da ke fitar da miliyoyin tukwane a shekara, da ruwa zalla ya fi, ai su za su fara rage wa kansu kuɗin kaya.

Anti Mai Fulawa:
Ƙanena, su kasuwa suke yi, sai sun loda a mota da jirgi, wa zai yi safarar kwalbar ruwa? Rashin yinsu ba hujja ba ce a kan mai guda biyu a falonta. Ni matsalata da tukunya ita ce ban san abin da ke faruwa a ciki ba sai ɓarna ta gama. Da yawanmu hannunmu na da nauyi wajen ban ruwa. Kwalba ta raba ni da wannan.

Ɗalibi a Kwalalamfur:
Wannan hujja ce, Anti, na karɓa. Sai dai masu bidiyo wanda ya rayu suke nunawa, wanda ya mutu ba a ɗaukarsa.

Malam Ɗan Samaru:
Akwai tsaka-tsaki da wasu ke bi: kwana biyu da ruwa, kwana biyar a bushe. A ɗakin Hajiya ta Abuja zai yi. A ɗaki mai zafi na fi son na Baba, jiƙo gajere kullum, don kwana biyar a bushe da hunturunmu ya yi yawa, kwana biyu a jiƙe da bazararmu ma ya yi yawa.

Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma yana kashe okid a hankali ko a kwalba ko a tukunya: irin ruwan. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana da kanwa-kanwa da gishirin ƙasa. Duk wanda butar shayinsa ke yin farin ɓawo a ciki, ruwansa ke nan. A kwalba ruwan na ƙafewa, gishirin na zama, sai ka ga farin zobe a jikin gilas, bakin saiwar kuma ya ƙone ya yi baƙi ya daina tsawo. Ruwan sama ya fi kowanne, a tara da damina bayan rufin ya wanku, a rufe a jarka. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma kusan ba gishiri a cikinsa. Na famfo in yana warin sinadari a bar shi ya kwana a buɗe. Na 'yan garuwa kuwa sai ka tambayi daga ina suka ɗebo.

Sai taki. Ruwa zalla ba abinci a cikinsa, wanda ya bar shuka a ciki shekara ba taki zai ga sabon ganye yana fitowa ƙarami fiye da na baya. Amma don Allah kada a jefa ƙwayar kamfa ko yuriya ta gona a kwalba. A nemi takin fulawa mai narkewa a ruwa, a sa rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin, a jiƙa saiwar a ciki na ɗan lokaci, a zubar, a ɗauraye.

Hajiya ta Maraɗi:
Ruwan shinkahwa da ɓawon ayaba da ake cewa hwa? Na ga ana ta yaɗawa.

Malam Ɗan Samaru:
A kwalba? Abincin ƙwayoyin cuta ne kawai, Hajiya. Kwana ɗaya zai yi tsami. A zuba wa bishiyar lemo a tsakar gida.

Nas ɗin Gombe:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba na fulawa ba. Ina karantawa tun ɗazu, ba wanda ya ambaci sauro. Kwalbar ruwa mai tsabta a cikin ɗaki, a inuwa, ita ce ainihin wurin da sauron Aedes ke so, mai zanen fari da baƙi a ƙafa, mai cizo da rana. Shi ke ɗauke da zazzaɓin dengi da shawara. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, da zafi ma ya fi sauri. Ƙwansa kuma a jikin kwalbar yake mannewa, saman ruwa kaɗan, yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ana zuba ruwa ya ƙyanƙyashe. Don haka juye ruwa kawai bai isa ba, sai an goge cikin kwalbar da soso. An tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato a 2023. Nan Gombe kuma a 2020 aka gano wani sauron maleriya ɗan asalin Asiya, Anopheles stephensi, wanda shi ma a tankuna da mazuban ruwa na cikin gari yake hayayyafa, ba a kududdufi kawai ba. Mai ƙananan yara a gida ta sa wannan a lissafi.

Anti Mai Fulawa:
Sista, wato mu masu kwalba mu ne ke kiwon sauro ke nan? Ni duk bayan kwana uku nake wanke nawa tas. Randunan da ke tsakar gidaje da tsofaffin tayoyi fa?

Nas ɗin Gombe:
Ba da ke nake ba, Anti, wallahi. Mai wankewa duk kwana uku ba ta da matsala. Wadda za ta yi tafiyar biki ta bar kwalba mako biyu nake ji wa.

Mai Kula da Zaure:
A yi haƙuri da juna, duk gyara kayanka ne. A ci gaba.

Baban Sadik (Yola):
Tambaya daga gefe. Wani mai kawo min itace daga wajen Mambila ya kawo min wani da ya ɓamɓaro a jikin bishiya, mai dogayen kara kamar rake, furensa rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Shi ma zai zauna a kwalba?

Baba Mai Lambu:
Kada ka soma. Wannan namu ne na Afirka, Ansellia, Turawa na danganta shi da damisa saboda ɗigon. Karan nan mai kauri rumbunsa ne, a ciki yake ajiye ruwan da zai ci rani da shi. Yawanci okid mai irin wannan kara ko mai kumburin gindi yana son ya bushe sosai tsakanin ban ruwa, da rani ma a rage masa ƙwarai. Ka ɗaure shi a jikin bishiyar mangwaro ko a babban kwando da gawayi, inda zai samu hasken safe. Za ka ga wasu siraran saiwoyi fari suna miƙewa sama tsaye, kada ka yanke, da su yake tare busasshen ganye ya mai da shi taki. Kuma ka ce wa mutumin ya bar sauran a inda ya gan su. Shekaru masu yawa yake ɗauka kafin ya yi wannan girman, masu kwasa sun rage shi a daji.

Maman Ilham:
Baba, in ya warke yaushe zan sa ran fure?

Baba Mai Lambu:
Bana kam ki cire rai. In ma ya fito da karan fure yana wannan hali, ki yanke, ƙarfinsa ya tafi ga saiwa.

Malam Ɗan Samaru:
In ya murmure, hunturu ne zai yi miki aikin. Wannan jinsin ba ya fitar da karan fure matuƙar zafi na sama da digiri 28. Manoman Holan da gangan suke riƙe shi a wannan zafin har ya yi ganye sosai, sannan su sauke zuwa wajen digiri 19 na makonni shida zuwa takwas, sai duk gonar ta fitar da kara lokaci guda. Mu Allah ya ba mu wannan sanyin kyauta a Disamba da Janairu. Ki matsar da shi kusa da taga mai kallon gabas inda sanyin dare ke shiga, amma ban da iskar hunturu kai tsaye, kuma ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wanda ke ɗaki mai ɗumi duk shekara zai yi ta ganye kore shar ba fure, mai shi ya yi ta zargin taki.

Amaryar Katsina:
Ɗan uwa na Maleshiya, in za ka dawo hutu ba ka taho mana da Vanda ɗin nan a jaka ba? Ko biyu ne, mu biya.

Ɗalibi a Kwalalamfur:
Yaya, ki rufa min asiri. Dangin okid gaba ɗaya suna cikin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da namun daji, ga takardar lafiyar shuka da ake nema daga ƙasar da aka ɗauko, ga izinin hukumar killace kayan gona ta Najeriya a filin jirgi. Ba ni ba wannan rigimar da jakar ɗalibi.

Amaryar Katsina:
To shi ke nan, dama na riga na yi odar irinsa a intanet, ƙwaya ɗari, har da mai shuɗin fure. A hoton sun nuna ƙwayoyin kamar na riɗi. In ya iso sai ku koya min shukawa.

Malam Ɗan Samaru:
Amarya, in kamar riɗi ne to ba okid ba ne. Irin okid gari ne kamar ƙura, kwanso ɗaya na ɗauke da dubban ɗaruruwa, kuma babu abinci a cikin ƙwayar. A daji ba ya tsira sai wani naman gwari ya shige shi ya ciyar da shi. Sai a 1922 wani masani a jami'ar Cornell ta Amurka, Lewis Knudson, ya gano yadda za a tsirar da shi a rufaffiyar kwalba da sukari da sinadarai, kuma har yau a ɗakin gwaji ake yi, a jira shekaru kafin fure. Shuɗin nan mai ƙyalli kuma da ake gani a shaguna, rini ne ake yi wa farin ta allura a jikin kara. Fure na gaba fari zai fito.

Amaryar Katsina:
Innalillahi. Jiya da daddare na biya. Wa ya san yadda ake soke oda a dawo wa mutum da kuɗinsa? Ya yi min magana ta gefe don Allah.